Labarin Gyaran Dokokin Mulkin Ƙasar Katsina, Daga Zamanin Jakadu Zuwa Zamanin Ƙananan Hukumomi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Wannan taƙaitaccen labari ne na yadda aka yi ta gyaran dokokin mulkin ƙasar Katsina tun daga zuwan Turawa har ya zuwa yau. An rubuta shi domin dattawan da suka yi aikin En'e, da magadansu waɗanda ke riƙe da alƙalami yanzu a fada da ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi, don na baya su san inda aka fito.

Doka kamar riga ce, in mai ita ya girma sai a farke ta a ƙara ƙyalle. Amma ba kowane ɗinki ke gyara riga ba. Saboda haka za mu auna kowane gyara da ma'auni guda, watau talakan ƙauye. Mu ɗauki manomin Barkiya, cikin ƙasar Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, maƙwabcin 'Yandaka Hakimin Dutsin-ma. Abu uku ne ya dame shi game da hukuma: nawa zai biya, hannun wa kuɗin za su shiga, ina kuma zai kai kuka in an zalunce shi. Dokar da ta sauƙaƙa masa amsar waɗannan ta yi gyara. Wadda ba ta sauƙaƙa ba kuwa, suna kawai ta sake.

Zamanin Jakadu

Tun daga lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya kafa mulkin Fulani a Katsina bayan jihadi, shari'ar Musulunci da al'adar ƙasa su ne dokar mulki. Manyan masu sarauta da yawa suna zaune a birni kusa da Sarki, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa suna warwatse, wani gabas wani yamma. Tsakanin uban ƙasa da garinsa akwai jakada, shi ke kai saƙo, shi ke karɓo kuɗin ƙasa da jangali da zakkar hatsi da kuɗin karofi da na rafi. Dukiyar nan tana bin hannuwa da yawa kafin ta isa fada, kowane hannu kuwa da abin da ke maƙalewa a cikinsa. In an dace da jakada mai tsoron Allah, gari ya huta. In ba a dace ba, talaka ba shi da wata takarda da zai nuna ya ce ga abin da aka yanka masa, ga abin da ya biya.

Gyara Na Fari: Gunduma Da Baitulmali

A cikin shekarar 1903 Gwamna Lugga ya shiga Katsina, zamanin Sarki Abubakar. Ba a daɗe ba Turawa suka tuɓe Abubakar suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ba Durbi Muhammadu Dikko sarauta. Da haka mulki ya fita daga gidan Dallazawa ya koma gidan Sulluɓawa. A shekarun nan ne aka yi gyaran da ya fi kowane taɓa ƙauye. Aka yanka ƙasa gunduma gunduma, kowace a haɗe wuri guda, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin talakawansa. Aka kawar da jakadu. Aka tattara kuɗaɗen nan masu sunaye barkatai aka mai da su haraji guda, jangali kuma ya tsaya a kan shanu.

Sa'an nan aka zo ga babban al'amari. Da fari, in an tara haraji sai a raba, Gwamnati ta ɗauki rabonta, Sarki da hakimai da dagatai su ɗauki nasu, kowa ya yi yadda ya ga dama da shi. Wani Bature mai mulkin Katsina, sunansa Palmer, ya yi shawara da Sarki Dikko a kan a riƙa zuba rabon ƙasa cikin taska guda, a yanka wa kowa albashi, tun daga Sarki har dogari, abin da ya rage a yi wa jama'a aiki da shi. Sarki ya yarda. Wannan shi ne asalin Baitulmali, a Katsina aka fara shi, zuwa 1911 kuwa an soma baza shi cikin sauran ƙasashen sarakunan Arewa. Ku duba girman abin da Dikko ya yi. Ba ƙaramin abu ba ne mai mulki ya yarda a rubuta abin da zai ci, a kuma ba wani malami ikon ƙidaya shi. Tun daga ran nan dukiyar Sarki ta zama dabam, dukiyar ƙasa dabam.

Ga yadda aikin ya ke tafiya. Malaman haraji su fita su ƙidaya mazaje baligai gida gida. A yanka wa gunduma abin da za ta biya, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci da masu unguwa su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfin kowa. Jangali da damina a ke karɓarsa, haraji kuwa sai kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da auduga. Wanda ya biya a ba shi rasit. Kuɗi su tashi daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Baitulmali, a rubuta su cikin littafi. Daga nan a ke biyan alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta da na asibiti, a gyara hanya, a haƙa rijiya. Ba mu ce zalunci ya ƙare ba, gama an sha tuɓe dagatai da hakimai a ƙasashen Arewa saboda cin kuɗin haraji. Amma tuɓewar ita kanta shaida ce, don ba a kama mai ci sai da littafi. To, kun ga manomin Barkiya ya sami amsar tambayarsa ta fari da rabin ta biyu.

Dokokin En'e

Bayan an haɗa Kudu da Arewa a 1914, aka kafa dokar En'e ta 1916, wadda ta bayyana ikon sarakuna wajen tsaron lafiyar ƙasa da ba da umurni. Gwamna Cameron ya sake ta a 1933 tare da dokar kotuna, aka kuma sake ta a 1943. Ita kanta Katsina an yi ta sauya mata mazauni: tana cikin Lardin Kano har 1926, sa'an nan aka mai da ita Lardin Zazzau, a 1934 aka haɗa ta da Daura aka yi Lardin Katsina.

Ƙarƙashin waɗannan dokoki En'e tana da ikon kafa ƙa'idodinta a kan kasuwa da tsabtar gari da gandun daji da irinsu. Amma ƙa'ida ba ta zama doka da faɗar baki kawai. Sai an tsara ta a rubuce, Razdan ya duba, an aika sama an sa hannu, sa'an nan a aika wa hakimai, sanƙira ya yi shela ran kasuwa. In za a gyara ta, hanyar nan dai za a sake bi. Waɗansu suna ganin jinkiri ne, amma jinkirin nan shi ya hana kowane mai iko ya kwana da wata doka ya tashi da wata.

Duk da haka akwai wani gibi babba. A idon doka Sarki shi kaɗai ne En'e. Majalisarsa shawara kawai ta ke bayarwa, ba wanda zai tsare shi sai Razdan. In Allah ya ba ƙasa sarki mai hangen nesa kamar Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944, sai a ga ci gaba. Amma doka ba don mutumin kirki kaɗai a ke yin ta ba. Talaka kuwa ba shi da kujera ko ɗaya inda a ke yanke abin da ya shafe shi.

Gyara Na Biyu: Sarki Cikin Majalisa

Ran 19 ga Agusta 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya miƙe cikin Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya kawo shawara a binciki tsarin En'e duka a gyara shi. Ya yi magana a kan ikon da ya taru hannun mutum guda, da cin hanci, da rashin jin muryar talakawa. Maganar ta girgiza ƙasa, don ba a saba jin irinta a gaban manya ba, ga shi kuma cikin watan nan ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ɗauki kukan talakawa ta mai da shi siyasa. Aka sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. A 1952 aka kashe tsarin Sarki shi kaɗai, a 1954 kuma aka kafa sabuwar Dokar En'e ta Jihar Arewa.

Dokar nan ta bambanta iri biyu. Akwai Sarki cikin majalisa, watau dole ya shawarci majalisa, in kuwa ya saɓa wa ra'ayinta sai an sanar da Gwamnati. Akwai kuma Sarki da majalisa, watau abin da mafi yawa suka zaɓa shi za a bi. Aka ba 'yan majalisa ma'aikatu su riƙa lura da su, wannan kuɗi, wannan ilmi, wannan ayyuka. Aka ƙarfafa majalisun gunduma da na gari da na ƙauye, aka shigar da zaɓaɓɓun wakilai, aka ba gunduma 'yan kuɗin da za ta yi ƙananan ayyuka da su. A Katsina wannan gyara ya faɗo zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya san aikin En'e ciki da waje, gama ya shugabanci 'yan doka tun yana ɗan sarki. A nan ne mutumin ƙauye ya fara samun wanda zai tashi a majalisa ya ce rijiyar garinsu ta rushe.

Wanda ya ke tsammani dokar nan wasa ce, abin da ya faru a Kano ya ishe shi. Gwamnatin Sardauna ta sa Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, a ƙarshe Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Littafin da aka buɗe a Katsina shekara hamsin da suka wuce ya kai ga sarki mai ƙarfi irin wannan.

Amma tambaya ta uku ba ta sami amsa sosai ba. Alƙali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne, a zamanin siyasa kuwa 'yan hamayya sun yi ta kukan ana amfani da su a kansu. Wanda ya ke ƙarar hukuma a kotun hukumar, da wuya ya kwana da daɗin rai.

Gyara Na Uku: Ƙarshen En'e

Soja suka karɓi mulki a 1966. Ran 27 ga Mayu 1967 aka yanka Nijeriya jiha goma sha biyu, Lardin Katsina da na Zazzau suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. Cikin 'yan shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, aka rufe kotunan sarakuna, alƙalai suka koma ƙarƙashin Gwamnati.

A 1976 aka yi gyaran da ya naɗe tabarmar En'e gaba ɗaya. Aka kafa ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya duka bisa tsari guda, aka ƙaddara kowace ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000, sai inda larura ta hana. Abin mamaki, wanda ya gabatar da takardar wannan gyara da sunan Gwamnatin Tarayya ɗan Katsina ne, Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Mutawallin Katsina, sarautar da a ke dangantawa da tsaron Baitulmali. Ƙasar Katsina, wadda a da taska guda ke riƙe da ita, ta rabu shida: Katsina, Mani, Kankiya, Dutsin-ma, Malumfashi da Funtuwa. Kurfi da ƙauyukanta suka shiga ƙarƙashin Dutsin-ma, daga baya ita ma ta sami tata hukumar. Sarki da majalisarsa suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara da tsaron al'ada. A 1979 Gwamna Balarabe Musa na Jihar Kaduna ya soke haraji da jangali. Ran 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, yau tana da ƙananan hukumomi 34.

Mu koma ga ma'auninmu. Hukuma ta matso kusa, mutumin Barkiya ba ya bukatar tafiya birni don ƙaramar magana, yana kuma da kansila da ya ke zaɓa. Wannan riba ce. Amma tambaya ta biyu ta dawo da sabuwar fuska. A da kuɗi daga ƙauye su ke hawa sama, saboda haka mai biya yana jin zafinsu, yana kuma tambayar inda suka tafi. Yanzu mafi yawansu daga asusun Tarayya su ke gangarowa, talaka bai san nawa aka aiko da sunansa ba. Tsarin mulki na 1999 ya sa suna biyowa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, aka yi ta gardama a kan abin da ke maƙalewa a hanya, har ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe maganar jakadu ba ta mutu ba, tufafi ta sake.

Kammalawa

Ya ku ma'aikata, cikin waɗannan gyare-gyare duka ba wanda ya tsaya da ƙafarsa don an buga shi a takarda. Baitulmali ya tsaya ne don an sami malaman da suka rubuta sule a inda sule ya shiga. Majalisun gunduma sun yi amfani ne a inda magatakarda ya rubuta abin da aka faɗa, ba abin da babba ya so a ce an faɗa ba. Gaba ma za a sake gyara doka, gama ba a taɓa yin wadda ta dawwama ba. In an kawo muku ita, ku tambaya ko za ta sa manomin Barkiya ya san abin da ke kansa, ya san inda dukiyar ƙasarsa ta shiga, ya kuma san ƙofar da zai buga in an cuce shi. Sa'an nan ku riƙe littafi da amana, ku ajiye tsofaffin takardu kada gara ta ci, don su ne shaidar na baya.

Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka yi wannan aiki, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.