Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da Ta Koma ta Sa'o'i

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe sosai. Jirgin alhazai yakan cinye wannan nisa cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Da na sauke farali a 1998, mun tashi bayan sallar Azahar, muka yi Isha'i a Jidda, ga kuma agogon Saudiyya yana gaba da namu da sa'a biyu. A cikin jirgin nan na tuna ƙanen kakana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya bar gida da jaki da buzu da nufin Makka, ba a sake ganinsa ba.

Hanyar da irinsu suka bi sananniya ce. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, sai Abeche, sai Darfur ta Fashir, sai Ubayyid da Khartum, daga nan zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa. Idan guzuri ya ƙare, sai maniyyaci ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko koyar da allo, ya tara abin gaba. Don haka tafiyar takan ci shekaru. Da yawa sun yi aure a hanya, wasu suka zauna suna aikin auduga a Jazira bayan an kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ma mutanenmu ne suka kafa shi, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903.

A shekarar 1925 ɗin nan dai, cikin watan Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Su ma kwanaki suka yi, suna yada zango don shan mai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Abin lura a nan shi ne, jiragen farko tsohuwar hanyar alhazai suka bi ta sama. Har yau alaƙar ba ta yanke ba, domin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Jirgin sama rahama ne, ya ceci rayuka daga ƙishirwa da 'yan fashi da cuta. Amma alhajin yau yana wuce Cadi da Sudan yana barci, bai san akwai danginsa a ƙasa ba. Saboda haka nake roƙon malaman makaranta su sa ɗalibai su zauna da dattawan da suka ji labarin tafiyar ƙasa daga bakin iyayensu, a rubuta zangunan da sunayen waɗanda suka tafi. Dattawan nan ba su da yawa yanzu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.