Ares da Atina: Yadda Girkawa Suka Raba Yaƙi Gida Biyu

Tsoffin Girkawa mutanen yaƙi ne. Da wuya shekara ta zagayo ba wani birni nasu ya kai wa maƙwabcinsa hari ba. Abin mamaki, Ares, wanda suka ɗauka shi ne gunkin yaƙi, shi ne mafi ƙasƙanci a tatsuniyoyinsu. A waƙar Iliyad ta Homa, ɗan Adam ne, jarumi Diyomidis, ya soke shi da mashi a bakin daga, ya kurma ihu ya ruga sama ya kai ƙara wurin ubansa Zeyus. Maimakon lallashi, uban ya shaida masa cewa duk cikin alloli babu wanda ya tsana kamarsa. Waƙar ta kuma ba da labarin wasu ƙatti biyu da suka kulle shi cikin tulun tagulla wata 13. Wuraren bautarsa ma kaɗan ne, kuma ana danganta shi da Tarakiya, ƙasar da Girkawa ke yi wa kallon ta baubayi.

Hannun da ya saita mashin Diyomidis kuwa na Atina ne, 'yar'uwar Ares, wadda ita ma gunkiyar yaƙi ce. Nata yaƙin na dabara ne da tsari da tsaron ganuwa, nasa na hauka ne da ƙishirwar jini. Ita aka gina wa haikalin Fatenon a birnin Atens tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya.

Wannan rabo ya dace da yadda biranen Girka suka koma yin yaƙi daga baya. Dakaru kan jera sahu kafaɗa da kafaɗa, garkuwar kowa tana kāre rabin jikin na hagunsa. Duk wanda zuciya ta ɗebe shi ya fita daga sahu, ya tona asirin ɗan'uwansa. Masanin tarihi Hirodotus ya ruwaito cewa a yaƙin Filatiya na 479 kafin Miladiyya, Aristodimus, wani sojan Sifata, ya fi kowa nuna bajinta, amma mutanen Sifata suka hana shi karramawa saboda ya bar sahu ya afka wa maƙiya kamar mahaukaci. Halin Ares ke nan, kuma rundunar da ke son nasara ba ta buƙatarsa.

Sai dai kada a ɗauka ƙyamar Ares ƙyamar zubar da jini ce. A ganina, dabara ce ta wanke kai. Muddin akwai wani baƙon gunki da za a ɗora wa ta'asa, kowane birni zai iya kiran nasa yaƙin hikima. A 416 kafin Miladiyya, mutanen Atens, bayin Atina, suka ci tsibirin Melos da yaƙi, suka karkashe mazajen da suka kama, suka bautar da mata da yara, suka kawo mutum 500 nasu suka zaunar. Masanin tarihi Tusididis ya nuna cewa kafin nan sai da aka zauna aka yi muhawara cikin natsuwa. Ba hauka a ciki, lissafi ne zalla.

Sauran al'ummu ba duka suka yi wannan rabo ba. A Mesofotamiya, Ishtar ita ke da soyayya, ita ke da yaƙi. Rumawa kuwa sun ɗauki Mars, takwaran Ares, a matsayin uban Romulus wanda ya kafa birninsu, manoma na roƙonsa ya tsare musu gonaki, kuma daga sunansa watan Maris ya samo suna. Sarkinsu Agustus ya buɗe masa katafaren haikali a shekara ta 2 kafin Miladiyya, don cika alkawarin da ya ɗauka lokacin ɗaukar fansar Yuliyus Kaisar. Rumawa ba su fi Girkawa tausayi ba ko kaɗan, amma sun fi su faɗin gaskiya game da kansu, tunda sun yarda cewa yaƙi ne ya haifi daularsu.