Hular Bere ta Soja: Asalinta da Yadda Ake Gane Shekarunta

Daga cikin kayan soja da masu tara kayan tarihi suke nema, da wuya a sami wanda ya kai hular bere saurin ruɗin mai saye. Ita ce hular nan ta ulu mai faɗi, marar baki, wadda ake karkata ta gefe guda, a Nijeriya kuma aka fi ji ana ce mata beret. Dalilin ruɗin shi ne, abin da ido yake fara kaiwa gare shi, watau launinta da bajon da ke goshinta, su ne suka fi sauƙin sauyawa. Rini ba ya wuya, bajo kuwa cire shi ake yi a maƙala wani. Saboda haka wanda yake son sanin shekarun hula, sai ya san tarihinta tukuna, sa'an nan ya kifa ta ya duba cikinta.

Asalinta ba hular yaƙi ba ce. Makiyayan duwatsun Firenis, waɗanda suka raba Faransa da Sifen, su ne suka daɗe suna sa ta saboda sanyi da ruwan sama. Saƙa ta ake yi da zaren ulu, ta fito da girma ƙwarai, sa'an nan a yi ta bugun ta cikin ruwa har ta tsuke ta yi kauri, zaren ya haɗe, ruwa ya daina ratsa ta da sauri. A shekarun 1830 ta shiga fagen fama a yaƙin basasar Sifen, inda magoya bayan Don Karlos suka shahara da ita. Amma rundunar gwamnati da ta mai da ita kayan sarki sosai ita ce ta sojan duwatsu na Faransa, wadda aka kafa a 1888. Tasu shuɗiya ce, mai faɗi kamar faifai, har yau kuwa ba su rage mata faɗin ba.

Daga wurin waɗannan ne Ingilishi suka gan ta. A 1918, cikin Yaƙin Duniya na Farko, wata bataliya tasu ta sauka kusa da sojan tankokin yaƙi na Ingila, Janar Hugh Elles ya lura cewa wannan hula ita ce ta dace da mutumin da ke aiki a cikin tanka, domin ba ta da bakin da zai hana shi kafa ido a 'yar kafar leƙe. Aka zaɓi baƙa don kada dattin mai ya nuna, Sarki Joji na Biyar kuma ya amince da ita a watan Maris na 1924. Shekara goma sha takwas bayan haka, watau a 1942, sojan laima na Ingila suka sami tasu mai launin ja da ya sirka da baƙi, sojan ƙundumbala suka sami koriya. Janar Montgomery, wanda ba sojan tanka ba ne, ya ɗauki baƙar ya maƙala mata bajo biyu, hotunansa suka zaga duniya da ita. Shuɗiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito a 1956 lokacin rikicin Suwes, koriyar dakarun musamman na Amurka kuwa sai a 1961 ta sami izini, zamanin Shugaba Kennedy. Amfanin waɗannan shekaru ga mai tara kaya a fili yake: kowace shekara iyaka ce. Duk wanda ya kawo jar hular sojan laima ya ce ta 1940 ce, ya riga ya ƙaryata kansa.

Abu na biyu shi ne gefen da hular take kwanciya. Ingilishi suna sa bajo bisa idon hagu, su ja sauran hular zuwa dama. Faransawa kuwa akasin haka suke yi, bajo a dama, hula ta kwanta hagu. Ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka sun gaji wannan, shi ya sa mutumin Maraɗi da na Katsina, ko ba su ga tuta ba, daga karkatar hula za su san sojan Nijar daga na Nijeriya. Tsohuwar hula takan riƙe wannan kwanciya ko an cire bajon, ga kuma 'yan hujojin da ƙafafunsa suka bari. Sai dai akwai togaciya: sojan ƙundumbala na rundunar ruwa ta Faransa irin ta Ingilishi suke sa tasu, domin magabatansu, ƙarƙashin Philippe Kieffer, a Sikotlan aka hore su tun daga 1942. Har ila yau ba a cika dogara da tsohon hoto ba a wannan batu, don sau da yawa mai wanki yakan juya fim, dama ta koma hagu.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin shafin hular, kuma a nan hulunan Ingila sun fi sauƙin karantawa. Ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu tana da shafi na baƙin yadin auduga, da baki na fata ta gaske wanda aka zura wa mazagi, da 'yan ƙofofi biyu na shan iska a gefe. A tsakiyar shafin akan buga sunan kamfanin da ya yi ta, da awon kai, da shekara. Sunan da aka fi gani shi ne Kangol, kamfanin da Jacques Spreiregen ya kafa a 1938 a ƙauyen Cleator da ke arewacin Ingila. Ban da wannan akwai hatimin Ma'aikatar Yaƙi, watau W da D da kan kibiya a tsakaninsu, tare da harafi guda mai nuna shekarar da aka duba kayan. Abin sha'awa, haruffan baya-baya suke tafiya: O ita ce 1942, N 1943, M 1944. Idan shekarar kamfani ta ce 1943, hatimi ya ce N, to, shaidu biyu sun haɗu. Amma harafi shi kaɗai bai isa ba, gama an sake amfani da waɗansu bayan yaƙi.

Hulunan baya sun bambanta ta hanyoyin da hannu ma zai ji. Faɗinsu ya ragu, bakin fata a yawancinsu ya koma na roba ko na yadi, awon kai ya tashi daga irin su 7 da 7¼ ya koma na santimita, kamar 57 da 58. In kuwa aka ga doguwar lamba mai alƙaluma goma sha uku, wannan lambar kayan ƙawancen NATO ce, wadda ba a san ta ba sai shekaru bayan an gama yaƙi. A cikinta 99 tana nufin Ingila, 14 Faransa. Hular da ke ɗauke da ita ba ta taɓa ganin Hitila ba, kome tsufan da ta nuna.

Bajo yana da nasa lissafi, kuma kambin da ke kansa shi ne kalandarsa. Daga 1902 zuwa 1953 kambi mai zagayayyen kai ake yi, wanda masu sana'ar suke kira kambin sarki. Da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta hau gado aka koma wani mai lotsawa a tsakiya. Tsawon shekara saba'in wannan ƙa'ida tana aiki ba gardama, sai ga shi Sarki Charles na Uku, da ya hau a 2022, ya komo da kambi na farko, saboda haka yanzu sai an haɗa da duba ƙarfen. Na da tagulla ne ko farin ƙarfe. A tsakiyar yaƙi, da ƙarfe ya yi tsada, an yi waɗansu da roba. Daga shekarun 1950 kuma aka shiga yin na alminiyam, mai sheƙi marar nauyi wanda ba ya bukatar gogewa. Duk da haka bajo shekarun kansa yake faɗa, ba na hula ba. Tsohon bajo na gaske a kan sabuwar hula shi ne jabun da ya fi yawa a kasuwa, musamman a hulunan da ake jingina wa yaƙin Arnhem na Satumba 1944, waɗanda kuɗinsu a wurin gwanjo ya ninka na sauran sau da yawa. Mai lura yakan ɗaga bajon ya duba ƙarƙashinsa: ulun da ya shekara da shekaru a rufe ba ya koɗewa, sai a ga surar bajon ta fito a kai sarai. In babu wannan sura, ko kuwa akwai hujojin da ba su dace da ƙafafun bajon ba, an yi aure ne na kwanan nan.

Akwai wata matsala da soja da kansu suka haddasa. Al'adarsu ce in an ba su sabuwar hula su tsoma ta a ruwan zafi da na sanyi don ta tsuke ta bi kai, su aske gashin ulun da reza, da yawa kuma su yanke shafin su yar. Ke nan hular da aka fi sawa a bakin aiki ita ce sau da yawa ba ta da hatimi, wadda ta kwana a sito ba wanda ya taɓa ta ita ce mai cikakkiyar shaida. Masu jabu sun san haka, har sukan yanke shafin sabuwa su ce soja ne ya yanke.

Wannan lissafi yana da amfani ga kayan da ake samu a gidajen tsofaffin soja a ƙasar Hausa. Kayan faretin rundunar Afirka ta Yamma a zamanin Turawa jar dara ce, bajonta kuma bishiyar kwakwa. Hotunan runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama sun fi nuna su da malafar yadi mai faɗin baki. Don haka in iyali suka fito da bere suka ce da ita kakansu ya je Bama, ba ƙarya suke yi da gangan ba, amma ya fi yiwuwa hular ta shekarun da ya yi a soja bayan dawowa ce. In kuwa shuɗiya ce mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a fara tambaya ko ya je Kwango, inda sojan Nijeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960 zuwa 1964, a shekarar ƙarshe ma Janar Aguiyi-Ironsi ne ya shugabanci rundunar Majalisar baki ɗaya. Takardar sallamarsa, in tana nan, ita za ta raba gardama.