Alƙalami da Kuntigi a Shekarun Yunwa

Fari daga Allah yake, amma yunwa a ƙasar Hausa ta sha zuwa da sa hannun mutum. Ruwa kan ɗauke, fara kan sauka, sai dai abin da ke mai da ƙarancin hatsi ya zama asarar rayuka shi ne haraji, da farashi, da shirun mahukunta. Tarihin shekaru ɗari da suka shige ya nuna cewa masu fasa wannan shirun mutum biyu ne, ɗan jarida mai bincike da mawaƙi mai tunani, kuma sun cancanci yabo fiye da wanda ake yi musu.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawa kuma suka tsaya kai da fata sai an biya haraji da tsabar kuɗi. Da daminar 1913 ta gaza, sai aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta ci dubban rayuka daga Kano da Katsina har Damagaram. Babu jaridar Hausa a lokacin. Rahoton Razdan daga ofis zuwa ofis yake tafiya, talakan da abin ya shafa bai san me aka rubuta a kansa ba. Labarin ya tsira ne a bakin tsofaffi da mawaƙa, kamar yadda na 'Yar Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta zamanin yaƙin Hitila suka tsira. Shi kansa Michael Watts, da ya wallafa littafinsa kan yunwa a arewacin Najeriya a 1983, sai da ya zauna da manoman ƙasar Katsina kafin ya cike giɓin da takardun Turawa suka bari.

Fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, ta sauya lissafi. Mai ilimi ɗaya kan karanta ta a zaure, jama'a na saurare, shafin wasiƙu kuma ya ba malamin makaranta da akawu damar kai kuka inda Gwamna zai ji. Amfanin wannan ƙofa ya fito fili a farin 1972 zuwa 1974. A Najeriya, duk da mulkin soja, jaridu sun tura wakilai ƙauyuka, sun buga labarin dabbobin da suka mutu da garuruwan da suka watse, har gwamnati da masu hali suka motsa. A Nijar kuwa, inda jam'iyya ɗaya ke riƙe da jarida da rediyo, zargin karkatar da hatsin agaji ya yi ta ruruwa a ɓoye, har sojoji suka kifar da Shugaba Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. A 2005 a Nijar ɗin, lokacin da gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, ƙungiyoyin farar hula da gidajen rediyo masu zaman kansu ne suka tilasta mata sassautawa. Da shugaban ya musanta cewa akwai yunwa, hotunan yaran Maraɗi ne suka ƙaryata shi. Wannan ya yi daidai da hujjar masanin tattalin arziki Amartya Sen, cewa babbar yunwa ba ta samun gindin zama inda jarida ke da 'yanci kuma ake iya sauke shugaba da ƙuri'a.

Jarida tana kai kukan talaka sama, waƙa kuma tana shiga inda takarda ba ta zuwa. Kiɗa da noma tsofaffin abokai ne, gangar noma ce ke ɗaga fartanya a wurin gayya, Musa Ɗanƙwairo ma da kiɗan noma ya fara kafin ya shiga fada. Da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, muryar makaɗi ta kai kowace bukka. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota da lebura, a waƙar Mai Akwai da Babu kuma ya dubi zaman mai hali da maras shi. Irin wannan waƙa ba ta kawo alkaluma, amma tana ba wanda talauci ya rufe wa baki mutunci, tana kuma tuna wa mai rumbu haƙƙin maƙwabci.

Za a ce ai Gaskiya jaridar gwamnati ce, New Nigerian ma haka, makaɗa kuma maroƙa ne, wanda ya ba su riga shi suke wasawa. Akwai gaskiya a nan. An yi amfani da kalangu da alƙalami wajen tallata shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na Shagari a 1980, alhali shigo da shinkafa sai ƙaruwa yake yi. Amma ba kowane mai riƙe alƙalami ko ganga ake yabo ba. Ana yabon wanda ya ci albashin gwamnati kuma ya faɗa mata abin da ba ta so, da wanda ya karɓi kyautar attajiri bai fasa waƙe lebura ba. Ƙuncin da suka yi aiki a cikinsa ƙara darajar aikin yake yi.

Za a kuma ce waƙa ba ta cika ciki, sharhi ba ya sauko da kuɗin mudu. Haka ne, amma mai yanke hukunci a kan taki da haraji da kan iyaka mutum ne, yana jin kunya, yana tsoron fushin jama'a. Lokacin da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona na Najeriya a 1986, da lokacin da aka cire tallafin man fetur a 2023, manomi da mai cefane ba su zauna a teburin shawara ba. Hanyar da muryarsu ke bi ta isa can ita ce rahoto na gaskiya da waƙa mai ma'ana. Al'ummar da ke son hatsi ya wadata dole ta kare masu wannan aiki, ta saya, ta saurara, ta kuma tsaya musu ranar da aka nemi rufe musu baki.