Cutar bipolar a tsakanin tsofaffi

Bipolar wata larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke kai mutum gaɓa biyu. A wani lokaci zai cika da zumuɗi, ya daina barci, ya yi ta surutu da ɓarnatar da dukiya. A wani lokacin kuma baƙin ciki ya danne shi na makonni, har ya kasa fita masallaci ko kasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 40 ne ke fama da ita a shekarar 2019.

Galibi cutar na somawa ne tun ƙuruciya, mutum ya tsufa da ita. Saboda haka idan dattijo ya fara nuna alamunta a karon farko, likitoci kan binciki wani dalili tukuna, kamar shanyewar ɓarin jiki, ko ƙari a ƙwaƙwalwa, ko magunguna irin su prednisolone.

A wurin tsoho, zumuɗin kan zo da siffar saurin fushi da ruɗewa, abin da iyali kan ɗauka gigin tsufa ne kawai.

Magani

Babban maganin cutar shi ne litiyam, wanda wani likitan Ostireliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017, kan marasa lafiya 224 masu shekaru 60 zuwa sama, ya nuna cewa litiyam da balfuroyet duka suna kwantar da zumuɗin, sai dai litiyam ya ɗan ɗara.

To amma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Ƙoda ce ke fitar da litiyam daga jiki, kuma ƙarfinta na raguwa da shekaru. Adadin da mutum ya yi shekara 20 yana sha lami lafiya, na iya zame masa guba bayan ya manyanta.

Wasu magungunan da tsofaffi suka saba da su na ƙara haɗarin, musamman na ciwon gaɓɓai irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, da kuma wasu na hawan jini masu sa fitsari.

Alamun gubar sun haɗa da karkarwar hannu mai tsanani, da amai, da gudawa, da tangaɗi, da sarƙewar harshe. Wanda aka ga haka a tare da shi, asibiti za a garzaya da shi.

Dalili ke nan da ya sa ake rage wa tsofaffi yawan maganin, ana kuma auna jininsu kusan duk wata uku.

Ƙarancin ruwa a jiki ma na ɗaga yawan litiyam a jini, sannan raguwar barci na iya tayar da zumuɗin. Shi ya sa ake shawartar mai shan maganin ya ga likitansa kafin azumin Ramadan, musamman idan ya faɗo a lokacin bazara, kuma kada ya dakatar da shi kwatsam, domin hakan kan dawo da cutar.