TARIHIN NOMA DA LISSAFIN WATA: DAGA TAURARIN KAKA ZUWA ƘAHON SANIYAR JAMUSAWA



Duk wanda ya tashi a Arewa ya san cewa da zarar kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta sunkuya, sai hankalin masu fadama ya koma kan lambu. Lokacin ne ake yafa irin tumatir da albasa da tattasai, kayan da bayan 'yan watanni za su cika manyan motoci su sauko mana nan Kudu, da yawanmu kuma da su muke cin abinci. Wasunmu ma a nan ɗin suna da 'yan lambunansu a bakin rafi.

A 'yan shekarun nan matasanmu suna cin karo da hotunan bidiyo na Turawa masu lambu suna cewa kada a shuka kaza sai wata ya kai wuri kaza, har da kalandar da ake sayarwa don haka. Sunan wannan tsari noman bayodainamik. Kafin wani ya kashe kuɗinsa ko ya jinkirta shukarsa saboda shi, ya kamata mu san daga ina ya fito, me aka gwada aka tabbatar a cikinsa, da kuma inda ya haɗu da lissafin iyayenmu.

KAFIN A YI KALANDA

Manomi ya fara duba sama ne saboda ba shi da takardar da za ta gaya masa lokaci. Wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mawaƙin Girka mai suna Hesiod ya shawarci manoma su fara huɗar kaka idan taurarin Surayya suka soma faɗuwa da asuba, wato farkon watan Nuwamba a ƙasarsu. Waɗannan su ne taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Rumawa kuma suka ƙara da maganar wata. Marubucinsu Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa abin da za a yanka ko a girba don ajiya ya fi jurewa idan aka yi aikin sa'ad da wata ke raguwa.

Larabawa sun zo da nasu tsarin. Sun raba hanyar da wata ke bi a sama zuwa masauki 28, kowane da tauraronsa. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya rubuta littafi a kan wannan fanni, sannan a 961 aka shirya wa Halifa Al-Hakam na biyu wata kalanda a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, mai faɗin tauraron kowane lokaci da aikin gonar da ya dace da shi.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai. Dalilin riƙe shi a fili yake. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa, wani zubin a zafi, wani zubin a sanyi. Manomin da ya ɗaure shukarsa da watan Rajab ko Sha'aban, ba za a yi shekara goma ba zai tarar yana shuka a tsakiyar rani. Sai malaman hisabi suka ba kowane tauraro kwana 13, guda ɗaya aka ba shi 14, jimla 365. Aka raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Taurarin kaka su ne Sarfa, Iwa, Simaku, Gafaru, Zubana, Iklilu da Ƙalbu. Idan dattijo ya ce Sarfa ta kama, yana nufin damina ta juya baya, mai lambu ya fara shiri.

Mu lura da wannan, domin za mu dawo kansa: sunan masaukan na wata ne, amma aikin da iyayenmu suka yi da su na ƙirga shekarar rana ne.

YADDA ABIN YA FARA A JAMUS

A 1909 masanin sinadarai Fritz Haber ya gano yadda za a kamo sinadarin naitirojin daga iska, a 1913 kuma kamfanin BASF ya buɗe masana'antar farko a garin Oppau. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi nakiyoyi da wannan sinadari, da yaƙi ya ƙare aka mai da ƙarfi ga takin zamani. Amfanin gona ya ƙaru, amma wasu manyan manoman Jamus suka fara kukan cewa irinsu yana rauni, ƙasarsu tana gajiya, dabbobinsu suna yawan ciwo.

Sai suka kai kukansu wurin Rudolf Steiner, wani masanin falsafa ɗan Ostiriya da aka haifa a 1861. Shi ba manomi ba ne. Jagoran wata ƙungiyar tunani ce da ya kafa, yana kuma da'awar cewa yana hango abubuwan ɓoye ta hanyar ruhi. Daga 7 zuwa 16 ga Yunin 1924 ya gabatar da lacca takwas a wata babbar gona da ke Koberwitz kusa da birnin Breslau, yankin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Mutum fiye da ɗari suka halarta.

Abin da ya koyar ya kasu biyu. Na farko, gona ta zama kamar jiki ɗaya mai rai: dabbobinta su ci daga cikinta, kashinsu ya koma mata, a rage sayo abu daga waje. Na biyu, ya ce wata da taurari suna da ƙarfin da ke shiga tsiro, ya kuma ba da wasu haɗe-haɗe na jawo wannan ƙarfi. Wanda ya fi shahara aikin kaka ne. Ana cusa ɗanyen kashin saniya a cikin ƙahon saniya, a binne wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ya kwana a ƙasa duk tsawon sanyi. Idan sanyi ya wuce a tono, a ɗebi ɗan kaɗan a dama a ruwa har awa guda, ana juyawa dama ana komawa hagu, sannan a yayyafa a gona. Akwai wani kuma da ake yi da garin farin dutse mai ƙyalli, da wasu shida na ganyaye da furanni da ɓawon itace da ake sa wa tarin taki.

Steiner ya nemi manoman su gwada abin da ya faɗa a gonakinsu, amma bai ga sakamako ba, ya mutu ranar 30 ga Maris 1925. Almajiransa suka ci gaba. A 1928 suka fito da tambarin Demeter, sunan wata gunkiyar hatsi ta tsoffin Girkawa, don a riƙa gane kayan gonarsu a kasuwa, kuma har yau ana amfani da shi. A 1938 Ehrenfried Pfeiffer ya fitar da littafin da ya yaɗa sunan bayodainamik a Ingila da Amurka, kalmar da aka haɗa daga Girkanci mai nufin rai da ƙarfi. A zamanin Hitler wasu manyan gwamnati sun goyi bayan tsarin, har an yi aiki da shi a gonar sansanin Dachau inda aka tilasta wa fursunoni noma, sannan a 1941 gwamnatin ta haramta ƙungiyar manoman.

KALANDAR MARIA THUN

Kalandar da ake tallatawa yau ba Steiner ya rubuta ta ba. Aikin wata Bajamushiya ce mai suna Maria Thun, wadda aka haifa a 1922 ta mutu a 2012. A shekarun 1950 ta riƙa shuka iri ɗaya a ranaku daban-daban tana auna abin da ya fito. Ta ce ta lura sakamakon yana bin burujin da wata yake ciki a ranar shuka. Wata yana zagaye buruji 12 cikin kwana 27 da 'yan awoyi, yana yin kwana biyu zuwa huɗu a kowane.

Sai ta raba ranaku gida huɗu. Idan wata yana Saur, Sumbula ko Jadyi, ranar masu saiwa ce kamar karas da dankali. Sarɗan, Aƙrab da Hut na masu ganye ne kamar kabeji da latas. Jauza, Mizan da Dalwu na furanni. Hamal, Asad da Ƙaus na masu 'ya'ya kamar tumatir da wake. Tun farkon shekarun 1960 ake buga wannan kalanda duk shekara, an kuma fassara ta zuwa harsuna da dama.

Mai bin ta a Turai idan kaka ta zo zai jira ranar saiwa ya haƙe karas da dankalin ajiya, ya dasa tafarnuwar da za ta kwana cikin sanyi. Zai dasa itatuwa a makonni biyun da wata ke yin ƙasa-ƙasa a sararin sama, ya tara taki, ya binne ƙahonninsa. Wato kakarsu lokacin rufe lambu ne kafin ƙanƙara ta sauko. Tamu kakar kuwa lokacin buɗe lambu ne.

DA AKA GWADA, ME AKA GANI?

Shakka a kan maganar wata ta girmi Steiner. La Quintinie, mai kula da lambun Sarki Louis na 14 na Faransa, ya bar littafin da aka buga a 1690, inda ya ce ya yi shekaru masu yawa yana lura bai ga wata ya canza komai a shukarsa ba. A zamaninmu Hartmut Spiess, wanda shi kansa ɗan bayodainamik ne, ya yi shekaru yana gwaji a Jamus bai iya tabbatar da rabon ranaku huɗu na Maria Thun ba. A 2020 masana daga Jami'ar Balensiya ta ƙasar Sifen suka bi littattafan kimiyya da binciken da aka wallafa, suka ce ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa wata yana tasiri a girman tsiro. Hasken cikakken wata ya gaza na rana sau kusan 400,000, jan da yake yi wa ruwa kuma sai a teku ake ganinsa, ba a cikin kwarya ba.

Ɓangaren taki kuwa labarinsa daban ne. Tun 1978 ake wani gwaji a Therwil ta ƙasar Suwizalan, ana kwatanta noman bayodainamik, da noman takin gargajiya zalla, da noman zamani. Sakamakon shekara 21 da mujallar Science ta buga a 2002 ya nuna gonakin da ba sa amfani da sinadarai sun gaza da kimanin kashi 20 cikin ɗari wajen amfani, amma takin da makamashin da suka ci ya ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin ƙwari da kashi 97, ƙasarsu kuma ta fi tsutsa da ƙananan halittu masu raya ta. A Masar ma, Ibrahim Abouleish ya kafa gonar SEKEM a 1977 a hamadar arewa maso gabashin Alƙahira da wannan tsari, ya mai da rairayi gona, har ya sami lambar yabo ta duniya a 2003. Sai dai a duk waɗannan wurare akwai taki mai yawa, da dabbobi, da sauya shuka, da kulawa. Gwaje-gwajen da suka ware ƙahon shi kaɗai ba su nuna wani bambanci tabbatacce ba.

INDA MUKA TSAYA

Idan muka cire ƙaho da buruji, abin da ya rage a koyarwar Steiner iyayenmu sun daɗe suna yi. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya ba hutu, saboda jakuna suna kai mata taki daga birni. Da kaka manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauke shanunsa a gona, su ci kara su bar kashi. Ana haɗa gero da wake a kunya ɗaya, ana barin gawo a tsakiyar gona. Yau da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, wannan ilimi kuɗi ne a hannu.

Maganar taurari kuma malamanmu sun riga sun raba mana ita. Sanin lokaci da alƙibla da tauraro halal ne. Jingina masa saukar ruwa ko albarkar shuka kuwa akwai hadisi ingantacce a Buhari da Muslim da ya yi gargaɗi a kansa. Lissafin iyayenmu yana cewa lokaci ya yi, kalandar Maria Thun tana cewa burujin ne ke sa karas ya yi girma. Bambancin ba ƙarami ba ne.

Ga masu lambu a cikinmu nan Kudu akwai ƙarin hattara. Kalandar Jamus an yi ta don ƙasar ƙanƙara, lissafin taurarinmu kuma an daidaita shi da daminar Arewa. A Legas da Ibadan ruwa yakan ɗan tsagaita a Agusta ya dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya yafa iri don Sarfa ta kama ba tare da ya dubi ƙasar da yake tsaye a kai ba, ruwa zai wanke masa shi. Wanda kuma ya bar dashe ya tsufa a bedi yana jiran ranar 'ya'ya, asararsa ta fi ribar da yake nema. Mai son gwadawa ya ware bedi biyu, iri ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, ya bambanta ranar shuka kawai, ya auna da kwando, ya maimaita shekara uku.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne wannan. Jamusawa sun rubuta nasu, shi ya sa bayan shekara ɗari har ya iso wayoyinmu. Dattawanmu da suka haddace taurari 28 da aikin kowane suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yanmu da aka haifa a nan kuwa da yawansu ba su taɓa jin sunan Sarfa ba. Duk wanda zai je gida a wannan kakar, ya zauna da tsohonsa ko limamin ƙauyensu, ya ɗauki muryarsa a waya, ya tambaye shi tauraron shuka da na girbi da na yafa albasa a yankinsu, ya rubuta ya ajiye.

Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Amin.