Malam-buɗe-littafin da Aka Harbo da Bindiga

A shekarar 1906, a dajin Papua New Guinea ta yanzu, Albert Meek ya hango wani ƙaton malam-buɗe-littafi can saman bishiyoyi, inda raga ba ta kaiwa. Sai ya harbo shi da bindiga. A 1907 Walter Rothschild ya raɗa masa sunan Sarauniya Alexandra ta Ingila. Babu kamarsa a girma: fukafukan macen kan kai santimita 25.

Amma fa lardin Oro kaɗai ne gidansa, tsutsarsa kuma ganyen wani tsiro mai yaɗo take ci. Aman wutar dutsen Lamington a 1951 ya lalata babban yanki na dajin, gonakin kwakwar manja kuma suna ta cin sauran. Tun 1987 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, sai dai haramcin bai hana saran daji ba.